Gonar da Ke Jin Ƙishirwa a Tsakiyar Damina

Ranka ya daɗe Dagaci, iyayena dattawa, malaman gona, 'yan'uwana manoman Ɗankaza, da ɗalibanmu da suka taso daga Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil.

Bari mu soma da lissafi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 20, kowace hekta ta samu lita 200,000 ke nan, wato jarka 8,000 mai cin lita 25, a dare guda. Amma washegari ka kafa fartanya a wata gonar, sai ka tarar danshin bai kai ɗani ba, bayan kwana huɗu kuma masara ta naɗe ganye. Ina ruwan ya tafi? Ya bi kwarin kunya, ya faɗa hanya, ya gangara kogin Wudil, ɗauke da ƙasar sama wadda ita ce mai albarkar.

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta sarari ne, ƙananan ƙofofin da ruwa da iska ke bi. In ka damƙo ta za ka ga ta yi gudaji-gudaji kamar dambu. Ruɓaɓɓen taki da saiwoyi su ke ɗaure gudajin nan, gara da tana kuma su huda hanyoyi. To, yawancin gonakinmu na tudu jigawa ce, yumɓunta kaɗan ne, saboda haka ɗaurin nata ba ya da ƙarfi tun asali.

A nan ne nake da magana a kan haro. Na san ranarsa: ana neman shuka da ruwan fari, ƙwadago ya yi tsada, tarakta kuwa kafin azahar ta gama. Kuma gonar da aka yi wa haro tana da kyan gani, ta yi laushi kamar an tankaɗe gari. Wannan laushin shi ne abin tsoro. Ruwan farkon damina da ƙarfi yake dukan ƙasa, garin nan ya narke ya toshe ƙofofin, rana ta fito ya yi ɓawo. Wanda ya taɓa ganin gero na fama ya fasa ɓawon ƙasa ya san abin da nake faɗa. Can ƙasa kuma, daidai inda bakin faifan haro yake tsayawa kowace shekara, nauyin tarakta yana daddanne wurin, musamman in an shiga da jiƙa. Ku tumɓuke gyaɗa a irin wannan gona ku duba: saiwar da ya kamata ta nutsa tsaye sai ku ga ta lanƙwashe ta bi gefe.

Ban ce a bar huɗa ba. Kunya dabara ce mai kyau: tana tara ƙasar sama a gindin shuka, tana binne ciyawa, tana tsame saiwa daga kwanciyar ruwa. Garmar shanu kuma ba ta niƙa ƙasa yadda haro ke yi. Abin dubawa shi ne inda kunyar ta fuskanta. In ta bi gangare, ka yi wa ruwa lambatu da hannunka. A gitta ta, sannan a riƙa ɗaure kwarin da ɗan tudun ƙasa bayan kowane taku uku ko huɗu, ruwa ya tsaya ya nutse.

Sai batun sauya shuka. Tun da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya noman gyaɗa a ƙasar Kano, gonaki da yawa suka koma hatsi a kan hatsi. Kowa ya san wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta 'yan ƙurajen da ke jikin saiwarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da suke yi wa ruwa. Saiwarsu guda ce mai nutsawa, in ta ruɓe ta bar rami. Ta gero da dawa kuwa gashi-gashi ce, tana saƙa ƙasa tana ɗaure ta. In aka yi karɓa-karɓa, kowace ta bar wa 'yar'uwarta hanya, ƙuduji ma ya ragu. Iyayenmu da suke yin gicci sun gane haka. Masu bincike na IITA a Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, sun fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Baɗi sai ka matsar da hatsin inda wake ya tashi.

Na san abin da wani dattijo zai ce: Malam, ku kuna cewa a bar kara a gona, dabbobi su ci me, a yi danga da me? Gaskiyarsa. Harawa kuɗi ce, ga kasuwar shanu ta Wudil a kusa da mu. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin yadda gonakin kewayen Kano suke ci gaba da ba da amfani ba tare da hutu ba. Babban abin da ya gano shi ne mangalar taki a bayan jaki: kara da harawa su tafi gida, su dawo gona a matsayin taki. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya ɗaure gudaji. Don haka in za a kwashe kara, a bar kututture da ganyen da ya zube, kada a ƙone su lokacin sharar gona, kuma taki ya dawo.

Kada ku tsaya a kan maganata, ku gwada. Ku sami babban gwangwanin tumatir, ku fasa gindinsa, ku kafa shi a tsakiyar gona, ku zuba ruwa kofi biyu, ku duba agogo. Ku sake yin haka a gindin gawo, da inda wake ya tashi bara. Ɗalibai, ku taya iyayenku rubuta mintocin, ku kawo wa malaman gona.

Tunatarwa ga wanda zai ɗaure kunya bana: in Agusta ta kama, ruwa ya yi yawa har yana kwana a kwari, a fasa ɗaurin, musamman a gonar gyaɗa da wake, don ba sa jure kwanciyar ruwa.