Kafin ku ɗora sunayen mutane a intanet, ku rarrabe



Bara wata ƙungiya ta turo mini jerin matan da ta tallafa wa, ta WhatsApp. Na buɗe: suna, unguwa, lambar waya, sai can gefe an rubuta cutar da kowace ke fama da ita. Wallahi na gane biyu, maƙwabtanmu ne.

Jerin a Google Drive aka ajiye shi. Irin wannan rumbu, kun gane, kwamfutar wani kamfani ce, kuma in an bar ƙofa a buɗe, duk wanda aka tura wa adireshin zai shiga.

To, ba duk bayani ne nauyinsa ɗaya ba. Adadin waɗanda aka tallafa wa, kowa ya gani. Suna da lambar waya, sai masu aikin. Amma lafiya, ƙabila, addini, ra'ayin siyasa, zanen yatsa, waɗannan a ware su daban, a kulle, a sa lamba maimakon suna, aiki ya ƙare a share.

Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutum, akwai kuma hukumar HAPDP a Yamai da ake kai wa ƙara. Ni dai ƙungiyar na kira a ranar. Sai bayan kwana biyu suka rufe jerin.