Ƙurar Gida da Labarin Farkon Halitta

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Akwai wani raini da ya daɗe a tsakaninmu masu nazarin sararin samaniya. Wanda ke binciken farkon halitta shi ake kira babban malami, mai auna taurari da ƙurar gungun taurarinmu kuwa ana ɗaukarsa ɗan aike. Na daɗe ina musun wannan, kuma yau ma shi na zo musu.

Labarin taurarin ɗan adam COBE na 1989 da WMAP na 2001 kun san shi, ba sai na maimaita ba. Mu tsaya a Maris na 2014. A watan ne masu na'urar BICEP2, wadda aka girka a ƙuryar kudancin duniya, suka shelanta cewa sun ga wata irin murɗewa a cikin tsohon hasken da ya rage tun farkon halitta, suka ce sawun kumburar farko ta sararin samaniya ce. Jaridu suka ɗauka, har aka fara zancen kyautar Nobel. To amma a zango ɗaya tak suka yi awo, gigahaz 150, alhali kuwa ƙurar da ke tsakanin taurarinmu ita ma tana fitar da haske mai irin wannan murɗewar. Tauraron ɗan adam na Planck, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, zango tara ya kalla, kuma a gigahaz 353 ƙura ce ke da rinjaye. Da aka haɗa bayanan ɓangarorin biyu a farkon 2015, sai shelar ta rushe. Galibin abin da suka gani ƙura ce. Wanda ya hangi gari ta cikin hazon hunturu, dole ya fara sanin hazon kafin ya siffanta garin.

Wasu abokan aikina na cewa lissafi kaɗai ya isa a cire ƙurar. Lissafin da ba awo a ƙarƙashinsa shi ne ya kai mutane ga abin da ya faru a 2014.

Ga tauraron ɗan adam na Gaia kuma, wanda aka harba a 2013 aka sallame shi a 2025, ya auna taurari kusan biliyan biyu. Da awonsa ake gyara nisan taurarin da ake dogaro da su a rigimar saurin faɗaɗar sararin samaniya, tsakanin masu cewa 67 da masu cewa 73.

Shawarata biyu ce, kuma ba sababbi ba ne. A wajabta darasin gungun taurarinmu kafin ɗalibi ya taɓa nazarin farkon halitta. Sannan a daina fakewa da rashin madubin hangen nesa, domin bayanan Gaia da Planck kyauta suke a intanet. Kwamfuta da lantarki da malami mai haƙuri, su ne ya kamata majalisar jami'a ta sa a kasafin bana.