Malamin Tsara Ɗaki da Sabuwar Fasaha

Tun 1906 makarantar Parsons da ke birnin New York na Amurka ta fara koyar da tsara cikin gida, lokacin fensir da takarda ne kayan aikin. Yau malamin wannan fanni sai ya haɗa koyarwa da bincike. Ɗalibinsa kan sanya tabarau mai haɗe da kwamfuta, ya zaga ɗakin da ko tubalinsa ba a aza ba, ya ga inda rana za ta faɗo da la'asar, ya gwada ko keken guragu zai shige ƙofa. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai, domin fasa ƙofa bayan gini kuɗi ne, kuma mai keken ne ke jira a waje kafin a gyara.