Jawabi Ga Ma'aikata A Kan Gidan Babban Gwani Na Birnin Zazzau

 

A cikin birnin Zariya akwai wani tsohon gidan tubali a unguwar da a ke kira Babban Gwani. Mai wucewa ba zai ga kome ba sai katangar ƙasa. Amma gidan Malam Mika'ilu ne, maginin da ya gina Masallacin Jumma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sunan sarautarsa unguwar ta ci har wa yau.

Ya kamata a san yadda a ke irin wannan gini, don wanda bai san wahalar abu ba ba ya sanin darajarsa. Da rani a kan haƙo ƙasa, a kwaɓa, a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya ya bushe. Sa'an nan a jera shi a tsaye, a bi da ƙasa, gindin bango da kauri, yana raguwa har sama. Azara kuwa daga giginya a ke tsago ta, don gara ba ta cika cinta ba. Sai dai ba ta ɗaukan nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Nan gwaninta ta ke: magini ya ɗora azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har su gamu a tsaka. Shi ne bakan gizo. Da wannan dabara aka rufe babban soro ba ƙarfe, ba siminti. Daga bisani a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufi kuwa da laso na katsin marina, a kafa indararo.

Aikin Babban Gwani bai tsaya Zazzau kaɗai ba. Gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, shi ma Babban Gwani na Zazzau a ke danganta wa, a 1956 kuwa Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Wani Bature mutumin Folan, Dmochowski, ya auna Masallacin Zariya ciki da waje, da awonsa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon ginin siminti, ɗakin salla ya tsira a ciki, amma ɗakin shari'a da ke jikinsa ya tafi. Abin da aka rushe ba ya komowa.

To, abu 3 ke kashe gidan tubali. Na fari ruwa: in aka bar yaɓe shekara biyu ko uku, ko indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa. Na biyu gyaran jahilci, watau a shafe bangon ƙasa da siminti, laima ta shiga ta rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki. Na uku rabon gado, wanda kowane ma'aikacin kotu ya sani. Mai gida ya rasu, magada su yi yawa, kowa ya ja rabonsa, zaure ya zama na kowa, watau ba na kowa ba, ba mai yaɓe shi.

Shari'a ba ta hana magada hakkinsu ba, ba kuwa wanda zai hana. Amma ta buɗe ƙofar sulhu da ta waƙafi. In maganar irin wannan gida ta zo gaban alƙali ko hakimi, ya kyautu a tara magada, a ba su shawara su bar zaure da babban soro a haɗe, a rubuta wanda zai riƙa yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A kuma nemi maginan gargajiya da suka rage, a ba su aikin, su koya wa yara. Gama in magini na ƙarshe ya rasu, ko an sami kuɗi ba mai ɗaure bakan gizo.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa Sarki lafiya. Amin.