Mudun Awon Zuciya: Ɗalibai da Neman Taimako a kan Fushi

 

An ɗora mini in yi bayani a kan yadda za a auna ra'ayin ɗaliban manyan makarantu game da neman taimako idan fushi ya fi ƙarfinsu. Matsayina shi ne, awon ya zama wajibi, amma mudun da muke arowa daga ƙetare ba domin hatsinmu aka ƙera shi ba, kuma wanda ya yi awo da shi bai duba ba, lissafinsa zai fito daidai alhali maganarsa ba gaskiya ba ce.

Mudun nan yana da asali. A 1932 ne wani masani a Amurka, Rensis Likert, ya fito da hanyar da za a karanta wa mutum jimla a ce ya zaɓi matakin yardarsa, tun daga cikakkiyar amincewa har zuwa ƙi ƙwarai. A kan wannan turba Fischer da Turner suka tsara jimloli 29 a 1970 domin gane yadda mutane ke kallon zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam, aka kuma taƙaita su zuwa 10 a 1995. Shi kuwa Spielberger, a 1988, ya rarrabe tsakanin fushin da ke taso wa mutum a wani lokaci da wanda ya zame masa ɗabi'a, da kuma tsakanin mai fitarwa da mai haɗiyewa. Aiki ne na ƙwararru, ba na raina shi. Sai dai an gina yawancinsa a kan ɗaliban da tun suna yara suka san cewa akwai wani ofis da ake shiga a zauna a faɗi abin da ke rai.

To, mu fara da kalma, domin nan ne mas'alar take. Idan mai bincike ya zo fassara tambayarsa, wace zai ɗauka? Muna da fushi, da hasala, da zafin rai, da ɓacin rai, da riƙo, da gaba, kowace da muhallinta. Sannan ga zuciya, wadda ta fi su wuyar sha'ani, domin idan aka ce wane yana da zuciya, sau da yawa yabo ne, ana nufin ba ya ɗaukar raini kuma yana neman na kansa, idan kuwa aka ce zuciyarsa ta mutu, an gama zaginsa. Saurayin da aka rene shi a kan haka, ranar da ka tambaye shi ko zai nemi magani saboda zuciya, abin da kunnensa zai ji shi ne ana so a raba shi da mazantakarsa. Zai ce a'a, kai kuma ka rubuta cewa ɗalibanmu ba sa son taimako. Budurwar da ke kusa da shi, wadda tun tana ƙarama ake ce mata ta yi haƙuri, za ta ce ita ba ta fushi, alhali ta yi wata uku ba ta yi wa abokiyar ɗakinta magana ba, ga ciwon kai da rashin barci.

Sai kalmar taimako. Takardun aro, in sun ce taimako, likita ko masanin halayya suke nufi. Ɗalibinmu kuwa, idan ransa ya ɓaci har ya ji tsoron kansa, yakan nufi mahaifiyarsa, ko kawunsa, ko amininsa, ko limamin masallacin makaranta, ko malamin da ya karantar da shi a zaure. Wannan neman taimako ne cikakke, kuma yana da sanadi a addini: ai hadisi na 16 cikin Arba'una ta Imam Nawawi labarin mutum ne da ya tako da ƙafarsa ya roƙi wasiyya, aka yi ta maimaita masa gargaɗi a kan fushi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware littafi guda cikin Ihya'u a kan fushi da ƙullaci da hassada, bai kuwa nemi a kashe fushi ba, ya nemi a hore shi ƙarƙashin hankali da shari'a. Kafin shi ma Abu Zaid al-Balkhi ya lissafa fushi tare da tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan rai masu karɓar magani. Ma'aunin da bai bar wa waɗannan ƙofofi gurbi ba, zai ƙidaya yaron da ya je wurin mutum uku a matsayin wanda bai je ko'ina ba.

Amma kada a fahimce ni da cewa ƙofar asibiti ba ta da muhimmanci, domin akwai fushin da nasiha ba ta isarsa, wanda ke tafe da shaye-shaye, ko ciwon damuwa, ko wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a kan titin Zariya, yana da sashen masu wannan aiki, tafiyar 'yan mintoci daga nan Hotoro inda muke zaune. Abin da ke tsare ɗalibi ba nisa ba ne, suna ne. A Kano, in aka ce an kai mutum Dawanau, ba wanda zai zaci kasuwar hatsi ake nufi, sai asibitin masu taɓin hankali. Binciken da likitocin Kano suka buga a 2004, bayan sun tambayi mutum 250 a ƙauyen Karfi, ya nuna cewa abin da jama'a suka fi dangantawa da taɓin hankali shi ne shan ƙwaya, sannan hukuncin Allah da shafar aljanu. Dokar mahaukata ta 1958 kuwa ba a maye gurbinta ba sai a Janairun 2023. Wanda ke tunanin ranar da za a zo binciken aurensa, yaya zai yarda a gan shi a wannan layi?

Saura kunya. Na taɓa raba irin wannan takarda a ajina, ina tsaye a kansu, amsoshin suka fito tas kamar wa'azi. Daga baya na gane cewa ladabinsu gare ni na auna, ba ra'ayinsu ba, kuma laifin nawa ne.

Saboda haka shawarata ga masu niyyar wannan bincike, ko a Jami'ar Bayero ko a kwalejojinmu, ita ce su jinkirta rabon takarda, su fara zama da ɗalibai, maza daban mata daban, su ji da wace kalma suke kiran abin. Maimakon tambaya a dunƙule, a ba su ƙissa: wani ɗalibi ya mari ƙaninsa har ya ji masa rauni, ya yi nadama, kuma ba wannan ne karo na farko ba, wa ya kamata ya fara gaya wa, in abin bai yi ba sai wa, kuma me zai hana shi? A raba abin da mutum ke ganin ya dace da abin da shi kansa zai aikata. Kada malamin da ke ba su maki ya karɓi takardar, kada kuma a rubuta suna. A ƙasan shafin ƙarshe kuwa a sa sunan ofis da lokacin da ake samun mai saurare a cikinsa, domin cikin masu cikewa akwai wanda ƙissar nan tasa ce.