Shanuwan, Barden Faransa da Dakarunsa Suka Harbe a Maijirgi



A ƙasarmu ta Bukkuyum ba a koya wa kowa darajar doki. Yaro ma ya san bambancin ingarma da akawali, ya san mai lifidi da mai sulke ba don ado suka sa ba. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan wani mahayi Bafaranshe, Julien Chanoine, wanda bakinmu zai fi jin daɗin kiran sa Shanuwan.

An haife shi a Faris a 1870, ɗan babban gida. Ubansa janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na 'yan makonni a 1898. Ɗan ya shiga rundunar mahaya dawakai da Faransa ke kira sifahi, aka turo shi Afirka ta Yamma. A 1896 shi da Paul Voulet, wato Bule, suka ci Wagadugu ta Mosi. Tun a can aka san hannunsu da nauyi, amma Faris ƙasar da aka samo ta duba, ta ƙara musu girma.

Ga inda labarin ya taɓo mu. A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris, suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ba a tambayi Sarkin Musulmi Abdurrahman ba, balle Sarkin Zamfara. Faransa ta tashi da gefen hamada, inda rijiya ke da nisa da zurfi. Ta nan aka umarci Bule da Shanuwan su bi har Tafkin Chadi, da ɗaruruwan dakarun Afirka da 'yan dako, ba tare da guzurin kirki ba. Duk manomin da ke zauren nan ya san ma'anar haka: rumbun talaka ne guzurin.

Shanuwan ya ratso ƙasar Mosi ta tudu yana kama 'yan dako da ƙarfi, Bule ya biyo Kwara ta jirgi, suka haɗu a Janairun 1899. A Sansanin Hausa suka kashe mutum 101, har mata da yara. A watan Afrilu, a Lugu, Sarauniya Mangu ta tare su da maharba, suka ci garin amma sun ji jiki. Ƙishirwa kuwa ta sa suka keta da'irar nan ta Ingila, suka faɗa wa Birnin Ƙwanni a watan Mayu, suka yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Ƙwanni fa tana cikin mil ɗarin nan, kusa da Illela. Takardar Turawa ba ta tsare ta ba. A ganina, mu ma abin da ya tsare garuruwanmu shi ne Chadi tana gabas, mu muna kudu, bayan kiyayewar Allah.

Asirinsu ya tonu ta wata hanya mai ban mamaki. Wani laftana mai suna Peteau, wanda suka kora daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga hukuma. Aka taso Kanar Klobb daga Tambutu ya karɓe ragama. Bai sha wahalar neman sawunsu ba, don toka da gawarwaki sun nuna masa hanya, har yara mata ya tarar an rataye a itatuwa. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi.

Nan ne Shanuwan ya sami damar janye jiki, bai janye ba. Bule ya ce ya bar Faransa, zai kafa daular kansa, ɗan janar ya bi shi. Sauran hafsoshin suka ware. Dakarun kuwa, waɗanda aka raba da gidajensu tun daga ƙasar Bambara, suka gane ba ranar komawa. Ranar 16 ga Yuli suka yi bore a Maijirgi, Shanuwan ya tunkare su, suka harbe shi yana da shekara 28. Washegari aka harbe Bule shi ma.

Kada dai mu ɗauka an huta. Ragowar rundunar ta ci gaba, ta karya Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan nan, hafsoshi biyu, Joalland da Meynier, suka kai Chadi. Faransa ta ɗora laifin a kan zafin rana da haukan mutum biyu, ta riƙe ƙasar. Kaburburan Shanuwan da Bule suna Maijirgi, a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. An ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa aka tona su, ba a sami kowa a ciki ba.