Zafin Waya Abin Lissafi Ne

 

Duk sanda gobara ta tashi a kasuwa ko a gida, abin da aka fi ji shi ne "wutar lantarki ce", sai a yi jaje a watse. Matsayina a yau shi ne, waya ba ta yin zafi haka kawai. Ana iya lissafa zafinta tun kafin a ɗaura ta, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Abu biyu ake aunawa: ƙarfin turin wuta, wanda ake ƙirgawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana a waya, wanda ake ƙirgawa da amfiya. A raba bolt da amfiya, sai a sami turjiyar abin da wutar ke ratsawa, wadda ake aunawa da om. Ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa ke nan a 1827. A ninka bolt da amfiya kuwa, sai a sami cin wutar, wato wat. Hitar ruwa mai jan amfiya 10 a kan bolt 230 na gidajen Najeriya, turjiyarta om 23 ce, cin wutarta wat 2,300.

Inda gizo ke saƙa shi ne, ita ma wayar tana da tata turjiyar. James Joule na Ingila ya nuna a farkon shekarun 1840 cewa zafin da waya ke fitarwa daidai yake da amfiya sau amfiya sau om. Ku lura, amfiya sau biyu take shiga lissafin, don haka in ta ninku, zafin ninki huɗu yake yi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin sikwaya milimita 1.5 tana da turjiyar kusan om 0.012 a kowace mita. A ce an jawo ta mita 10 zuwa shago, zuwa da dawowa mita 20, om 0.24 ke nan. Da amfiya 5, zafin wat 6 ne, hannu ma da ƙyar zai ji. Amma a jona hita da dutsen guga da risho na lantarki har amfiya ta kai 20, sai ya zama wat 96, a wayar da ke nannaɗe bayan dilolin atamfa. Mahaɗar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif ta fi wannan haɗari: in ta saki ta yi tsatsa har turjiyarta ta kai rabin om, amfiya 10 kacal za ta tara wat 50 a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba.

Wannan lissafin ne ya sa wutar Kainji da Shiroro ke tafiya a manyan layuka da bolt 330,000, sai ta kusa gari taransifoma ta sauke ta: in bolt ya hau, amfiya ta sauka, asarar hanya ta ragu. Masu haɗa sola su ne suka fi bukatar jin wannan, domin su da ƙaramin bolt suke aiki. Inbata mai ɗaukar wat 1,200 daga batir mai bolt 12 tana jan aƙalla amfiya 100. In wayar batirin om 0.01 ce, wat 100 na tafiya a zafi. A mai da batiran bolt 48, amfiya ta koma 25, asarar ta ragu ninki 16. Mutane na raina bolt 12 don ba ya jan mutum, alhali narkar da waya aikin amfiya ne.

Wani zai ce, ai tsohon mai gyaran wuta da ido yake gane wayar da ta dace. Gaskiya ne, kuma ban raina gogewa ba. Sai dai idonsa ya saba da waya ta gari, kasuwa kuwa cike take da mai kaurin roba da siririn ciki, wata ma alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, turjiyarta ta fi ta asali nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganin om, na'urar awo ce ke gani. Wani kuma, musamman cikin ɗalibai, zai ce ƙa'idar Ohm ba ta hau kan komai ba. Shi ma ya yi gaskiya: turjiyar ƙwan fitila mai zare tana ƙaruwa in ya yi zafi, kuma a firji da fanka bolt sau amfiya ya ɗara ainihin wat ɗin da suke ci. In wuta ta yi ƙasa hita takan rage ja, amma injin firji yakan ƙara ja, har ya ƙone. To amma duk wannan kayan da aka jona ya shafa. Wayar da ke cikin bango tana bin ƙa'idar sau da ƙafa, ita ce kuma ke cinna wa labule wuta.

Masu cewa fis zai kare su sun yi gaskiya, amma da sharaɗi. Fis ɗin amfiya 13 da ke cikin filogi mai baki uku yana ɗaukar kusan wat 3,000, kuma an yi shi ne ya mutu a madadin gida. Wanda ya cire shi ya cusa guntuwar waya ya mai da wayar gidansa fis.

Saboda haka ina kira ga makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu gyaran wuta: kada a yaye yaro sai ya iya duba wat a jikin kaya, ya raba da bolt, ya faɗi kaurin wayar da za ta ɗauka. Ku kuma masu gida da shaguna, kafin ku biya kuɗin aiki, ku tambayi mai gyara amfiya nawa layin zai ja. In ya kasa amsawa, ku nemi wani.